Ranar da na raka ƙanwata wurin likitan muƙamuƙi

Talata, da dare.

Yau na raka ƙanwata ganin likita, domin ta kafe a kan sai an rage mata ƙashin muƙamuƙi, wai fuskarta tana yin faɗi a hoto. Na bi ta da niyyar in kama bakina, amma ban iya ba.

Likitan ya buɗe hoton ƙashin fuskarta a kwamfuta, ya bi wani siririn layi da bakin biro, ya ce jijiya ce da ta ratsa ta cikin muƙamuƙin ƙasa, kuma da ita mutum yake jin leɓensa na ƙasa da haɓarsa. Ta cikin baki ake tsagawa, a shiga da ɗan ƙaramin zarto a yanke kusurwar ƙashin don kada tabo ya fito a waje, sai dai wurin matsattse ne, ido ba ya kai wa ko'ina. Idan zarton ya shafi jijiyar, leɓen yakan sage. Na wasu yana farfaɗowa bayan watanni, wasu kuwa haka za su zauna, har ruwa ya gangaro musu a haɓa ba su sani ba. Ina kallo ƙanwata ta kai yatsa ta taɓa leɓenta a hankali.

Da na tambaye shi batun jini, bai ɓoye mini ba: akwai manyan hanyoyin jini dab da inda ake yankan, kuma idan jini ya taru a wuya bayan an gama, kumburin yana iya toshe hanyar numfashi. Nan na tuna da wani ɗalibi a Koriya ta Kudu da ya rasu a 2016 sakamakon zubar jini a irin wannan tiyata, lamarin da ya taimaka aka kafa dokar sanya kyamara a ɗakunan tiyata a ƙasar, wadda ta fara aiki a 2023.

Ya kuma ambaci ƙwayoyin cutar baki da kan shiga ciwon, da ɓangarorin fuska biyu da kan ƙi daidaituwa, da fatar kumatu da kan saki tun da an rage abin da ke riƙe da ita. Ƙashin da aka yanke kuwa ba ya dawowa yadda yake.

A hanyar dawowa ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ce, "Yaya, ashe har leɓe." Takardar amincewa da tiyatar tana cikin jakata, ba ta sa hannu ba, ba ta kuma ce in yaga ba.