Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Baƙar Ƙasar Garejin Baba

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya same ni tsugune a bayan garejin Baba, ina zuba baƙar ƙasa a leda. Har yau muryarsa na kunnena: "Au, an sayar da gona an kai ka jami'a, ka dawo kwasar baƙin mai?" Yaran gareji suka kwashe da dariya. Baba bai tanka ba, ya ci gaba da ɗaure noti.

Inna, Allah ya jiƙanta, ita ce mai cewa abincin wani gubar wani. Ita tana nufin kishiyarta ne, ni kuwa a ƙasar nan na ga maganar. Inda ciyawa ta ƙi fitowa shekara da shekaru, akwai ƙwayoyin bakteriya da man ne tuwonsu.

Sirrin yana cikin wani ɗan zoben DNA da ake kira plasmid, wanda ƙwaya kan miƙa wa maƙwabciyarta kamar aron ludayi ta kan katanga. A 1974 wasu masana a Bangor ta ƙasar Wales suka gano irinsa a jikin wata bakteriya mai suna Pseudomonas putida, shi ne TOL. Rukunin ƙwayoyin gado na farko da ke cikinsa yana mayar da toluwin, wani sinadari da ke cikin man fetur, zuwa wani sinadarin mai suna benzowet, na biyu ya fasa zoben sinadarin. Kuma ƙwayar ba ta hura wutar banza: sai toluwin ya iso tukuna wani furotin mai aikin makunni, XylR, ya kunna aikin.

Ranar da na fesa sinadarin katekol a farantin da nake kiwon ƙwayoyin na ga ɗigo-ɗigonsu sun koma ruwan ɗorawa, alamar akwai enzayim ɗin, wato furotin da ke fasa zoben sinadarin, sai da na zauna a ƙasa. Wata uku ina fama, rabi ba wutar lantarki. Na so a ce Kawu na wurin.

Kawun nan fa shi ne, bayan na yi aure har an haifi ta biyu, ya zo da galan ɗin atrazin yana tambayata ko maganin ciyawa na daɗewa a gonar masara. Na ce masa akwai ƙwayoyin da ke cinye shi, an samo wata a Minnesota ta Amurka. Ya ce, "Ashe karatun naka da amfani." Iyakar abin da ya ce ke nan, bai tuna da ledar ba. Abincin wani gubar wani, Inna.

Na tsallake batun yadda sunana ya ɓace daga takardar binciken. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.