Rabin yini a dajin Lekki

Jiya ƙanina ya ja ni zuwa Lekki Conservation Centre, ni da nake zaton ba abin da ya rage a Legas sai cunkoso da benaye. Ashe daji ne guda, hekta 78, wanda gidauniyar NCF mai kare namun daji ta killace tun 1990. Da ba don haka ba, da tuni an yanka shi filotai.

Kana shiga ƙarar motoci ta ɗauke. Katako aka shimfiɗa bisa fadama, kana tafe birai na lilo a kanka. Ɗaya ya sauko ya ƙura wa ledar gyaɗata ido, ko kunya babu.

Sai gadar sama, mita 401, tana rangaji tsakanin bishiyoyi. Ina kaiwa tsakiya gwiwoyina suka ce ba da su ba. Na ƙanƙame igiya ina ta salati, ƙanina na baya yana ƙyalƙyala dariya: "Yaya, kada ka kalli ƙasa!" Ai kuwa sai da na kalla.

Har yanzu cinyoyina ciwo suke.