Ragowar Kuɗin Famfon Layinmu

A farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi ɓatan dabo a Kano, muka yi karo-karo a layinmu na Fagge don gyaran famfon burtsatse. Aka gyara, kuɗi suka yi saura. A majalisar bayan Isha'i na tambaya ina ragowar, aka ce a bari ƙura ta lafa tukuna. Shiru ke nan.

Makon jiya injin ya sake ƙonewa, 'yan garuwa suka ɗaga farashi, maganar ta dawo min. To amma tayar da tsohuwar tambaya sai da dabara: ka faɗe ta gatsal, a ce zargi kake yi; ka haɗiye, ta yi ta cin ka. Ga shi mai riƙe da kuɗin sa'an babana ne.

Sai na same shi shi kaɗai bayan La'asar, a kan dakalin ƙofar gidansa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ba tone-tone na zo yi ba. Ragowar nan ta wancan gyaran, ko za ta rage mana wani abu?"

Ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da wani littafi duk gefensa ya sha maiƙo. Ashe tuni an sayi wayar wuta da ita, har da rasit a maƙale. "Ai kai kaɗai ka taɓa tambaya," in ji shi.

Da dare shi da kansa ya karanta wa majalisa lissafin, ina gefe ina kurɓar shayi.