Abin da na koya game da fitar mRNA daga nukiliyas

Abin da ya fi tsaya min a rai a karatun ƙwayoyin halitta shi ne, rubuta saƙo daban, fitar da shi daban. A cikin nukiliyas, wato ɗakin da ke tsakiyar ƙwayar halitta inda DNA yake, ake kwafo mRNA daga DNA (mRNA shi ne saƙon da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin), amma a waje ake haɗa furotin, to dole saƙon ya bi ta ƙofofin da ke jikin nukiliyas ɗin, waɗanda aka gina da furotin kusan iri 30. A jikinmu wani furotin mai suna NXF1 ne ke rakiyar saƙon, a yis kuma Mex67, can bakin fita sai wasu furotin biyu, Dbp5 da Gle1, su raba shi da ɗan rakiyar don kar ya koma ciki.

Wallahi inda abin ya fi burge ni lokacin wahala ne. Ka kai yis zafin digiri 42 na ma'aunin Salshiyas, ka sa wa mRNA alama mai ƙyalli, ka leƙa ta madubin ƙara girma, za ka ga nukiliyas ya cika fal da haske, saƙonni sun yi cirko-cirko an hana su fita, amma saƙon SSA4 wanda ke samar da furotin mai kare ƙwaya daga zafi shi kam wucewarsa yake yi. Tun 1996 aka nuna haka. A 2016 kuma aka gano Mex67 kai tsaye yake ɗaukar irin waɗannan saƙonni, ba ya jiran furotin da ke tantance ko saƙon yana da kuskure, wato ƙwayar ta gwammace saƙo ya fita da ɗan kuskure da a tsaya duba shi har ta mutu. Kuma fa ƙofar tana jin abin da ke faruwa, don zafin nan na sa wani furotin, Slt2, ya liƙa wa Nab2 (ɗaya daga cikin masu tantancewar) sinadarin fosfet a matsayin alama, shi ma Gle1 ba ya aiki sosai sai da wani ƙaramin sinadari mai suna IP6.

Shi ya sa idan aka ce min mRNA kaza ya ƙaru, tambayata ta farko ita ce a ina, ciki ko waje? Jimilla kawai ba ta gamsar da ni.

Ƙwayoyin bairos ma sun san wannan ƙofa. Furotin NS1 na bairos ɗin mura yana riƙe NXF1, furotin ORF6 na korona kuma ya kama Rae1 da Nup98, wasu furotin da ke aiki a ƙofar, sai ƙwayar ta rubuta saƙonnin kare kai amma da yawansu su maƙale a ciki, bairos na ta hayayyafa abinsa.