Asusun Mata da Hannun Gwamnati

A shekarar 1991 ne ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta soma shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, inda mata ke haɗuwa kowane mako suna zuba ɗan abin da ya sawwaƙa a cikin akwatin ƙarfe, sannan su ranta wa junansu jari. Da wannan rancen ne mai ƙuli-ƙuli take sayen buhun gyaɗa lokacin kaka, kafin farashi ya hau, wata kuma ta sayi tunkiya ta yi kiwo zuwa Babbar Salla.

A Najeriya, shirin tallafa wa mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2018 ya bi irin wannan hanya a jihohi kamar Kebbi da Neja, ta hannun ma'aikatun harkokin mata. A ganina, nasarar irin wannan aiki tana ga mai unguwa da limami da mazan aure, domin sai sun gamsu sannan mace take fita taro da kwanciyar hankali. Abin da nake roƙon ƙananan hukumomi shi ne injin niƙa, da rumfa a kasuwa, da gyaran hanyar da za ta kai kayan matan nan ga masu saye.