Fulogin ya hau amma ya ƙi aiki: yadda ake gano bakin zaren a VS Code

Idan fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa edita don ta ba shi sabon aiki, ya ƙi aiki a editan kod, abin da mutane da yawa ke fara yi shi ne su cire shi su sake sakawa. Idan bai yi ba su maimaita, wasu har su goge editan gaba ɗaya. Galibi wahalar banza ce. Cire fulogin ba ya goge saitin da ka rubuta masa, ba ya kuma taɓa manhajar da yake dogara da ita, alhali a waɗannan wurare biyu ne gizo ya fi yin saƙa. Zan yi bayanin da Visual Studio Code, wanda Microsoft ya fitar a 2015, inda ake kiran fulogin da sunan Extensions. Sunayen umarnin nasa ne, amma hanyar binciken tana aiki a kowane edita.

Akwai abu biyu da ya kamata ka riƙe tun farko. Na ɗaya, fulogin ba a cikin tagar da kake rubutu yake gudana ba. VS Code yana ware musu wani ɓangare daban mai suna Extension Host, duk a can suke zaune tare. Shi ya sa guda ɗaya zai iya maƙalewa ya tsayar da sauran, kai kuma kana ci gaba da rubutu lafiya lau. Na biyu, fulogin da yawa 'yan aike ne kawai. Na ESLint, manhajar da ke duba kurakurai a kod ɗin JavaScript, ba shi ke duba kod ɗinka ba, kiran ESLint ɗin da ke cikin aikinka yake yi. Na Python ba ya zuwa da Python. Na Go yana neman Go a kwamfutarka. Idan wanda aka aike shi wurinsa ba ya nan, ko sau goma ka sake saka ɗan aiken babu abin da zai canza.

Sakawa

Danna Ctrl+Shift+X, ko Cmd+Shift+X a Mac, ka rubuta sunan, ka danna Install. Kafin ka danna, dubi cikakken sunan fulogin ɗin, wanda ke da kashi biyu: mai wallafawa, ɗigo, sannan suna. Na Python shi ne `ms-python.python`, na Prettier, mai gyara tsarin rubutun kod, `esbenp.prettier-vscode`, na ESLint `dbaeumer.vscode-eslint`. Sunan da ke bayyana da manyan haruffa kowa na iya kwaikwayonsa, har da tambarin, amma wannan cikakken sunan ba a maimaita shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin fulogin yana da duk ikon da editan ke da shi: yana karanta fayilolinka, yana gudanar da umarni, yana aika bayanai ta intanet. Shuɗiyar alamar da ke gefen sunan mai wallafawa tana nuna an tabbatar adireshin intanet ɗin da ya bayar nasa ne. Ba ta nufin an bi kod ɗinsa layi-layi an tantance.

Ta taminal, wato tagar rubuta umarni, ma ana sakawa, kuma ya fi sauri ga mai shirya sabuwar kwamfuta:

`code --install-extension ms-python.python`

`code --list-extensions --show-versions`

Na biyun yana jero duk abin da ka saka tare da lambar sigarsa. Ajiye wannan jerin a fayil, zai yi maka amfani ranar da wani abu ya lalace. A Mac, idan taminal ya ce bai san `code` ba, buɗe akwatin umarni da Cmd+Shift+P ka zaɓi Shell Command: Install 'code' command in PATH. Fayilolin kansu suna sauka ne a `%USERPROFILE%\.vscode\extensions` a Windows, da `~/.vscode/extensions` a Linux da Mac, kowane fulogin da foldarsa mai ɗauke da sunansa da sigarsa.

Idan saukarwar ce ta ƙi, misali ka ga `XHR failed` ko ƙorafi a kan satifiket, laifin hanya ne. Fara duba agogon kwamfutar, domin kwanan wata da ya kauce yana sa a ƙi karɓar satifiket mai kyau. Sannan ka duba ko kana bayan firoksi, wato sabar da ke tsakaninka da intanet, kamar yadda ake yi a intanet ɗin ma'aikatu da makarantu, ka sa adireshinsa a saitin `http.proxy`. Za ka ga masu ba da shawarar a mayar da `http.proxyStrictSSL` zuwa `false`. Ban yarda da wannan ba sai don gwaji na minti ɗaya, saboda kashe tantancewa ke nan a kan hanyar da kod ke shigowa kwamfutarka. Gyaran gaskiya shi ne a saka satifiket ɗin ma'aikatar a ma'ajiyar satifiket ta kwamfutar.

Inda babu intanet sam, ana amfani da fayil mai ƙarewa da `.vsix`. A ɓangaren Extensions, danna ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi Install from VSIX. Abu biyu ke kawo cikas a nan. Kowane fulogin yana rubuta mafi ƙarancin sigar editan da yake karɓa a ƙarƙashin `engines.vscode` cikin fayil ɗinsa na `package.json`, don haka sabon fayil ba zai hau tsohon edita ba. Sannan waɗanda ke ɗauke da manhaja a cikinsu, kamar na C++, suna da fayil daban ga kowace irin na'ura: `win32-x64`, `linux-x64`, `darwin-arm64`. Ka ɗauko na Windows ka kai Linux, ba zai yi ba.

Mai amfani da VSCodium, wato VS Code da aka gina ba da tambarin Microsoft ba, kuma ya sani cewa ba kasuwar Microsoft yake dubawa ba, Open VSX ta gidauniyar Eclipse yake dubawa. Wasu fulogin na Microsoft, irin su Pylance, ba sa can saboda sharaɗin lasisi. Rashin ganinsu ba lalacewa ba ce.

Ya hau, amma shiru

Nan ne ake fi ɓata lokaci, kuma nan ne bincike ya fi sauƙi idan an bi shi daki-daki.

Dubi sandar ƙasa ta tagar. Idan ka ga Restricted Mode, ka samo dalilin. Tun 2021 VS Code ke tambaya ko ka amince da foldar da ka buɗe, kuma idan ba ka amince ba yana kashe wasu fulogin ko ya rage musu aiki, don kada kod ɗin da ba ka sani ba ya gudana da kansa. Idan foldar taka ce, danna wurin ka ba da amincewa. Idan daga intanet ka kwaso ta ba ka karanta ba, bar ta a haka tukuna.

A wannan sandar, can dama, akwai sunan harshen da editan ya ɗauka fayil ɗin yake. Yawancin fulogin barci suke yi sai an buɗe fayil na harshensu sannan su farka. Sabon fayil da ba a adana ba, ko wanda aka manta ba a sa masa `.py` ba, editan zai iya ɗaukarsa a matsayin Plain Text, fulogin ɗin Python kuma ba shi da dalilin tashi. Don ka tabbatar, danna Ctrl+Shift+P ka kira Developer: Show Running Extensions. Wanda ba ya cikin jerin bai farka ba ke nan. Wanda ke ciki kuma za ka ga lokacin da ya ɗauka kafin ya tashi.

Idan kana aiki ta WSL (Linux a cikin Windows), ko SSH (shiga wata saba daga nesa), ko cikin kwantena irin ta Docker, akwai ma'ajiyar fulogin biyu. Jigon launi da makamantansa suna zama a kwamfutarka, amma masu taɓa fayiloli dole a saka su a ɗaya ɓangaren, cikin `~/.vscode-server/extensions`. Za ka ga fulogin ɗin ya dushe a jerin, da maɓalli a gefensa mai cewa a saka shi a WSL ko a sabar. Danna shi kawai.

Karanta abin da fulogin ɗin ya faɗa

Idan ya farka amma aikin bai fito ba, buɗe View, sannan Output. A dama akwai jerin zaɓi, kuma kusan kowane babban fulogin yana da nasa shafin a ciki. Zaɓi sunansa ka gangara ƙasa. Idan babu komai, zaɓi Extension Host. Wannan shafin shi ne wurin da ya fi kowane amfani a duk binciken, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Ɗauki ESLint. Shafinsa zai gaya maka kai tsaye idan ya kasa loda ESLint, ma'ana ba a yi `npm install` a cikin aikin ba, ko kuma ka buɗe foldar da ke sama da wadda `package.json` ke ciki. Akwai kuma sauyin da ya zo da siga ta 9 a 2024: ESLint ya koma neman `eslint.config.js`, ya daina kula tsohon `.eslintrc` sai an umarce shi. Aikin da ya sabunta ESLint bai sauya fayil ɗin saiti ba zai wayi gari babu jan layi ko ɗaya, mai shi ya ɗauka fulogin ne ya mutu. Gwaji mafi sauri shi ne ka gudanar da `npx eslint .` a taminal. Idan can ma ya ƙi, babu ruwan edita.

Na Python kuma ƙorafin da aka fi gani shi ne layin gargaɗi a ƙarƙashin `import`, da saƙon `could not be resolved`, alhali ka san ka saka abin da `pip`. Ka saka ɗin, amma a wani Python daban. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar Python uku ko huɗu, ga na cikin `.venv`, foldar Python ɗin da aka keɓe wa kowane aiki. Kira Python: Select Interpreter ka zaɓi wanda ke cikin `.venv` na aikin. Daga nan gaba riƙa amfani da `python -m pip install`, domin abin ya sauka a cikin Python ɗin da ka kira.

Sai batun PATH, wato jerin foldojin da kwamfuta ke neman manhajoji a ciki. Editan yana karanta PATH ne lokacin da aka kunna shi. Idan ka saka Node ko Go ko Git yana buɗe, bai san da su ba. Reload Window ba lallai ya wadatar ba a nan. Rufe duk tagogin editan, ka sake buɗewa.

Saiti da ke danne saiti

Ka saka Prettier, ka kunna `editor.formatOnSave`, ka adana fayil, babu abin da ya motsa. Yawanci fulogin biyu ne ke da'awar gyara harshe ɗaya, editan kuma bai san wanda zai ba aikin ba. Danna dama a cikin fayil ɗin, zaɓi Format Document With, ka tsayar da guda ɗaya. A `settings.json` zai bayyana kamar haka:

`"[javascript]": { "editor.defaultFormatter": "esbenp.prettier-vscode" }`

Saitin hawa-hawa ne. Wanda ke cikin `.vscode/settings.json` na aikin yana danne naka na gaba ɗaya, saitin da aka keɓe wa harshe kuma yana danne wanda ba a keɓe ba. Saboda haka idan abu yana aiki a wata folda ya ƙi a wata, buɗe foldar `.vscode` kafin komai. Prettier ma yana da nasa hawan: muddin akwai `.prettierrc` a cikin aikin, shi yake bi, ya yi watsi da abin da ka zaɓa masa a editan.

Idan maɓallan gajeriyar hanya ne suka daina aiki bayan ka saka sabon fulogin, kira Developer: Toggle Keyboard Shortcuts Troubleshooting, ka danna maɓallan. Zai rubuta maka umarnin da ya karɓe su da fulogin ɗin da ya kawo shi.

Idan ba ka san mai laifin ba

Editan ya yi nauyi, ko saƙon `Extension host terminated unexpectedly` yana ta dawowa, kana kuma da fulogin talatin da wani abu. Rufe editan ka buɗe shi da `code --disable-extensions`. Idan matsalar ta ɓace, ɗaya daga cikinsu ne. Kada ka tsaya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Kira Help: Start Extension Bisect: zai kashe rabi ya tambaye ka ko matsalar na nan, ya sake raba ragowar biyu, har ya rage saura ɗaya. Fulogin 32 suna komawa 16, 8, 4, 2, 1, zagaye biyar ke nan. Sharaɗin kawai shi ne ka san yadda za ka tayar da matsalar da gangan a kowane zagaye. Idan ka amsa da zato, zai kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Da ka same shi, tambayi kanka ko jiya yana aiki. Fulogin suna sabunta kansu ba tare da sanarwa ba, kuma sabuwar siga tana iya zuwa da aibi. Danna alamar saiti a gefensa ka zaɓi Install Specific Version, wanda tsofaffin sigogin editan ke kira Install Another Version, ka koma baya da siga ɗaya. Ta taminal, ƙara `@` da lambar sigar a ƙarshen sunan. Duba kuma ko ba ka hau sigar gwaji ta Pre-Release ba da kuskure.

Idan duk wannan bai warware ba, akwai gwajin da ke raba gardama ba tare da ka goge komai ba:

`code --user-data-dir gwaji-saiti --extensions-dir gwaji-fulogin`

Wannan yana buɗe edita sabo fil, babu saitinka, babu fulogin ko ɗaya. Saka wanda ake zargi shi kaɗai ka buɗe aikin. Idan ya yi aiki, matsalar tana cikin saitinka ko a bayanan da fulogin ɗin ya tara a foldar `globalStorage`, wadda ke ƙarƙashin `%APPDATA%\Code\User` a Windows, `~/.config/Code/User` a Linux, da `~/Library/Application Support/Code/User` a Mac. Sauya wa foldar fulogin ɗin da ke cikin `globalStorage` suna maimakon ka goge ta, don ka iya dawo da ita. Idan kuma a sabon editan ma ya ƙi, aibin nasa ne, sai a kai rahoto ta Help: Report Issue. Sa sigar editan, sigar fulogin ɗin, ko Windows ne ko Linux ko Mac, layukan ƙarshe na shafin Output, da matakan da wani zai bi ya ga matsalar da idonsa. Kafin ka liƙa layukan, bi su ka goge kalmar sirri, mabuɗin API da adireshin sabar da suka shiga ciki.