Yadda Ake Shiga Da'irar Kiɗa ta Ranar Lahadi a Washington

Duk ranar Lahadi, daga lokacin da sanyi ya ja baya har ya sake kunno kai, makaɗa kan taru a saman lambun Meridian Hill da ke Washington, wanda 'yan unguwa suka fi sani da lambun Malcolm X. Ana farawa wajen ƙarfe 3 na rana, a tashi wajen 9 na dare. Dattawan wurin suna cewa abin ya samo asali ne tun 1965, shekarar da aka kashe Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata na Amurka. Ba tikiti, ba rajista, ba wanda zai tambaye ka ɗan gidan wa ne kai. A gida kiɗa gado ne, kalangu na da masu shi, tambari na da fadarsa, wanda bai gada ba kuma ido ne nasa. A nan kuwa lauya da direban tasi da ɗalibi kafaɗa da kafaɗa suke zama. Shekara huɗu ke nan ina zama cikinsu, kuma yawancin kurakuran da zan ambata da hannuna na tafka su.

Gangar da ta fi yawa ita ce jembe, ta Mandinkawan Gini da Mali: itace ɗaya ake sassaƙawa kamar turmi, a rufe bakin da fatar akuya, a ɗaure da igiya. Ga babban mutum, nemi mai faɗin baki santimita 30 zuwa 33, tsayi kamar 60. Kafin ka biya kuɗi, ɗaga ta ka leƙa ta ƙasa wajen haske. In ka ga ɗigon haske a fatar, huda ce, daga nan za ta tsage. Duba itacen ma ko ya dare. Ka taho da kujera marar hannu, don hannun kujera na tokare gwiwar hannu. Zauna a bakin kujerar, ka matse gangar da gwiwoyi, ka karkata bakinta gaba kaɗan yadda gindinta zai ɗaga daga ƙasa ta gefe ɗaya. Wanda ya dasa ta daram a ƙasa ya toshe mata maƙogwaro, babbar muryar ba za ta fita ba. Cire zobe da agogo da awarwaro. Zobe ɗaya ya isa ya huda fata, kuma in gangar aro ce ka jawo wa kanka jin kunya da biyan kuɗi.

Murya uku gare ta. Babatunde Olatunji, ɗan Nijeriyan da ya zo Amurka karatu a 1950 ya kuma koya wa dubban mutane kiɗa kafin rasuwarsa a 2003, shi ya yaɗa sunayen da ake koyar da su har yau. Gun da Dun su ne babbar murya, tafin hannu gaba ɗaya a tsakiyar fata, dama da hagu. Go da Do matsakaiciya ce, yatsu huɗu a haɗe a gefen fata. Pa da Ta ita ce mai kaifi kamar mari, wuri ɗaya da matsakaiciyar amma yatsu a sake, kan yatsu ne ke tsalle a fatar. A duka ukun hannu ba ya kwana a kan fata, taɓawa yake ya tashi kamar wanda ya taɓa murfin tukunya mai zafi. Babban yatsa kuma a ɗage shi gefe. Sabon shiga kusan kullum da shi yake dukan bakin itace, washegari ya tashi da kumburi.

Duk wannan a gida ake koyonsa. Abin da sai a da'ira ake ganewa shi ne ba a zo jin gwanintarka ba. Ranar farko na zauna na hau bugu ba ƙaƙƙautawa, duk wata kafa da na ji sai na cusa hannu. Wani dattijo da ke gefena ya ɗora tafinsa a kan fatar gangata, a hankali, bai ko ɓata rai ba. Ya nuna kunnensa, ya nuna wajen manyan ganguna, ya ce, "Ɗana, ji waɗancan tukuna." Waɗancan su ne dundun, ganguna uku masu fatar saniya da ake bugawa da sanda: dundunba babba, sangban matsakaiciya, kenkeni ƙarama, sau da yawa da ɗan kuge a ɗaure a jiki. Su ne ginshiƙin kiɗan. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan kalangu a filin dambe ya san wannan tsari: babban kalangu ne ke magana, amma kuntuku da ɗan karɓi ba sa sauka daga kan abu ɗaya, kuma da za su sauka da maganar ta watse. Aikin sabon shiga aikin kuntuku ne.

Saboda haka in ka iso, kada ka buɗe jakar gangarka nan take. Tsaya minti biyar zuwa goma kana taka ƙafa har ƙafarka ta kama inda kiɗan ke faɗuwa. Sannan ka fara da babbar murya kaɗai, bugu ɗaya a kowane taku. In ka zauna daram, ɗauki ɗan ƙaramin salo ka riƙe. Wanda ya fi shiga da yawancin kiɗan wurin gurbi takwas ne: Pa, shiru, shiru, Ta, Pa, shiru, Go, Do. Bugu biyar, shiru uku. Shirun nan uku ba naka ba ne, na maƙwabcinka ne, a nan nasa bugun ke fitowa. Ka riƙe shi minti goma sha biyar ba canji. Da wuya, don hannu na ƙaiƙayi, amma daga nan ake gane wanda za a matsa wa kujera ya shigo layin gaba. Ma'aunin ƙara kuma mai sauƙi ne: in ba ka jin gangar wanda ke damanka da ta wanda ke hagunka, kai ne ka cika ƙara.

Matsalar da ta fi kashe kiɗa ita ce gudu. Ana farawa a natse, sai wani ya riga taku da ɗan kaɗan, na kusa da shi ya bi shi don kada a bar shi a baya, kafin minti biyar kowa na haki, salo ya narke ya koma ruguguwa. Akwai kuma dalilin da ba laifin kowa ba ne. Sauti na tafiyar mita 343 ne a daƙiƙa, don haka in da'ira ta buɗe ta kai mita 17, bugun na can ƙetare sai ya makara da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa kafin ya iso kunnenka. A kiɗa mai sauri wannan ba ƙaramin abu ba ne, ɓangare biyu sai su rabu kowa na ganin ɗayan ne ya kauce. Maganinsa a matso da kujeru, a yi layi biyu maimakon babban zobe ɗaya, kuma ka sa ido a kan sandar mai dundun, da ido za ka bi shi ba da kunne kaɗai ba. In ka ɓace, daina bugu. Koma ga ƙafarka, ka sake shiga. Ba wanda ke lura da wanda ya yi shiru, kowa na lura da wanda ya nace a kan kuskure.

Akwai wata irin da'irar, wadda ake yi a makarantu da gidajen tsofaffi da wuraren aiki, inda mutum ɗaya ke tsayawa a tsakiya yana jagora da alamun hannu: ya ɗaga hannu a ƙara murya, ya sauke a rage, ya yi tsalle ya dira kowa ya tsaya. Arthur Hull na Santa Cruz a jihar Kalifoniya, wanda ya yi koyo wurin Olatunji, shi ya fi yin suna wajen tsara wannan. Ga wanda bai taɓa riƙe ganga ba, can ya fi sauƙin farawa, don galibi har ganga ake bayarwa. A ganina dai ba ta kai ta lambu daɗi ba.

A lambu masu rawa ne ke da tsakiyar fili. Da mai rawa ta shigo, babban makaɗi ɗaya ke fuskantarta yana bin ƙafarta, saura kowa ya riƙe nasa. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma a nan sau da yawa rawar ce ke juya kiɗan. Mutum biyu ba sa magana da ganga lokaci ɗaya. Kada ka ratsa ta tsakiya da kayanka, zagaya ta baya. Kada ka taɓa gangar wani sai ka tambaya, ko da ya tashi ya bar ta, kuma sanda ba ta hawa kan jembe. Na taɓa zuwa da kalangu. Da wuri, lokacin da ba a fi mutum shida ba, ya yi armashi, har aka kewaye ni ana tambayar yadda matse tsirkiya a hammata ke sauya murya. Da jembe suka kai talatin, ni kaina na daina jin sa. Wanda bai da ganga ya zo da caki ko kuge, amma ya sani kuge ya fi komai ratsa kunne, kuskurensa ba ya ɓuya.

Jiki ma na da haƙƙi. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar a tsayar da iyakar ƙara a desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 85 na awa takwas, a desibel 100 kuwa minti 15 kacal, kuma tsakiyar da'ira mai cike ba wurin wasa da kunne ba ne. Sayi abin toshe kunne na soso a kantin magani, kiɗan zai ma fi fitowa sarai. Shafa man kaɗanya a hannu da dare, ka naɗa filasta a gaɓar yatsan da ta fara tsagewa. Huta duk bayan minti talatin, ka sha ruwa. Masu doguwar bugu da ƙarfi wani lokaci sukan ga fitsarinsu ya yi duhu kamar shayi, jajayen ƙwayoyin jini ne ke fashewa a tafin hannu. In ka ga haka ka dakata, in bai washe ba ka ga likita.

Ita ma gangar tana jin yanayi. Watannin Yuli da Agusta a Washington iska na da laima, fata takan saki, muryar mari ta koma dushe-dushe. Ba a gasa ta a wuta. Jelar igiyar da ta rage ake sarƙawa ƙarƙashin igiyoyi biyu na tsaye a ja su har su harɗe, ƙulli uku ko huɗu, a gwada murya, a ƙara in da buƙata. Kada ka ja da yawa ranar laima, don in iska ta bushe fatar za ta ƙara ɗamewa da kanta, kuma gangar da aka bari a but ɗin mota cikin rana haka nan za ka ji ta fashe kamar bindiga.

Tsayawa ma da alamarta. Babban makaɗi zai zafafa bugu na ɗan lokaci, ya ɗaga kai ya kalli da'ira, sannan ya buga gajeren kira, kowa ya dira a bugu ɗaya. Da ka ji zafin nan ya fara, ɗago idonka daga kan fata. Kusan kowane mako akwai wanda kansa ke sunkuye, sai a ji "pa" ɗinsa shi kaɗai bayan an yi tsit, a fashe da dariya. Sau biyu ni ne.